Karen da abinci ke sa wa ƙaiƙayi: me za a zuba masa a kwano?

Akwai irin ƙaiƙayin da ke hana kare barci, ya hana mai gida ma. Tsakar dare sai ka ji sarƙa tana kacau-kacau, yana susar kunne da ƙafar baya, ko ya zauna yana lasar tafin ƙafarsa har gashin wurin ya rine kamar an sa masa lalle. Kunne ya yi wari, a wanke, a ɗiga magani, ya lafa, bayan sati uku ya dawo. Wani karen kuma a ciki abin yake bayyana: kashi sau huɗu ko biyar a yini, ruwa-ruwa, ga ƙugin ciki, wani lokaci har da amai. Da an kai nan, duk wanda ka tambaya shawararsa ɗaya ce, a canza masa abinci. Sai mutum ya je shago ya ɗauko buhun da ya fi tsada, a yi wata guda ba a ga komai ba, ya koma ya ɗauko wani mai hoton kifi a jiki. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kuskuren shi ne ana neman amsar a jikin buhu, alhali tana cikin tarihin abin da karen ya taɓa ci tun yana ɗan kwikwiyo. Babu wani abinci guda da aka yi domin duk karnuka masu wannan larura. Wanda ya warkar da karen maƙwabcinka yana iya zama shi ne gubar naka.

Abin da ya fi kusa da sunan larurar a bakinmu shi ne borin jini, don haka a nan zan ce mata borin abinci. Garkuwar jiki ce take yin kuskure. Aikinta ta gane ƙwayar cuta ta yaƙe ta, sai ta ɗauki wani furotin da ke cikin abinci a matsayin abokin gaba, duk sa'ad da ya shigo ta tayar da yaƙi, fata da hanji su sha wahala. Garkuwa kuwa ba ta ƙulla gaba da abin da ba ta sani ba. Sai ta haɗu da shi ta sake haɗuwa. Shi ya sa maganar da masu kare suka fi yi wa likita, wai "ai shekara uku yana cin abincin nan lafiya lau," ba ta wanke abincin daga zargi. Ita ce ma take ƙara sa a zarge shi.

Wannan daban yake da abincin da ciki kawai ya kasa narkarwa. Babban kare idan ya sha madara ya yi zawo, sau da yawa ba bori ba ne, sinadarin da ke narkar da sukarin madara ne ya ragu a hanjinsa bayan yaye. Irin wannan da yawan abin da aka sha yake tafiya, kaɗan ba ya komai. Bori kuwa loma ɗaya ta isa.

Sai dai kafin a ɗora wa kwano laifi, a tuna cewa borin abinci ba shi da yawa kamar yadda masu tallar abinci suke so a ɗauka. A cikin karnukan da ake kai wa likita da kowace irin cuta, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne suke da shi. A ƙasarmu mai zafi, inda kare ke kwana a ƙasa kusa da garken awaki da akurkin kaji, ƙuma da kaska da ƙazuwa sun fi abinci zama abin zargi nesa ba kusa ba. Karen da jininsa ba ya shiri da yawun ƙuma, cizo biyu ya isa ya sa shi tsige gashin gindin wutsiyarsa, kuma kana iya dubawa ba ka ga ƙuma ko ɗaya ba, domin ya lashe su. Ƙazuwa tana son gefen kunne da gwiwar hannu, tana kuma tsallakawa jikin mutane, don haka idan yaran gida ma sun fara susa to an kusa gane mai laifi. Likita yana iya kankarar fata ya duba a madubin likita bai ga ƙwaron ba alhali yana nan, shi ya sa sukan ba da maganin kawai su ga abin da zai faru. Magunguna irin su Bravecto da NexGard da Simparica suna kashe ƙuma da kaska da ƙwaron ƙazuwa a lokaci guda. Akwai kuma karen da ƙura da ƙananan ƙwarin cikinta ke tayar wa bori, irin wanda yakan tsananta a wani yanayi ya lafa a wani. Na abinci bai san damina ba, bai san hunturu ba, shekara zagaye yake. Duk wanda ya fara canza abinci bai kawar da waɗannan ba, zai ɓata wata biyu da kuɗinsa a banza.

To a ce an kawar da su, ƙaiƙayi na nan. Me aka fi kamawa da laifi? A 2016 wasu likitocin fatar dabbobi uku, cikinsu da Ralf Mueller na Jami'ar Munich a Jamus da Thierry Olivry da ke koyarwa a Amurka a lokacin, sun tattara rahotannin karnuka 297 da aka tabbatar da borinsu. Naman sa ne kan gaba da kashi 34 cikin 100, madara da danginta kashi 17, kaza kashi 15, alkama kashi 13. Waken suya kashi 6, naman rago kashi 5, masara da ƙwai kashi 4 kowanne, kifi da shinkafa kashi 2 kowanne. Ba wai naman sa yana da wata illa ta musamman ba ne. Shi ne dai karnukan ƙasashen da aka yi binciken suka fi ci, abin da aka fi ci kuwa shi aka fi yin gaba da shi. Karenmu na gida da ya tashi a kan ragowar tuwon masara da ƙashin miya da kawunan kaji da gutsattsarin taliyar da ake sayarwa a buhu, jerin abokan gabarsa daga cikin waɗannan zai fito.

Lissafin nan ya rushe wata magana da ta yi tashe, cewa hatsi ne matsalar kare. Ukun farko duk daga dabba suka fito. Buhun da aka rubuta wa "babu hatsi" amma cike yake da kaza, ba zai yi wa karen da kaza ke damu komai ba. Ga wani abin dubawa kuma. A watan Yuli na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da cewa tana binciken rahotannin ciwon kumburin zuciya a karnukan da ke cin irin wannan abinci, wanda aka maye hatsinsa da dangin wake da dankali masu yawa. Hukumar ba ta kai ga tabbatar da cewa abincin ne sila ba, amma ni a ganina ba hikima ba ce ka ƙara kuɗi ka sayi abin da ake tababa a kansa domin maganin cutar da wataƙila ba shi ne maganinta ba.

Mutane da yawa suna tambaya ko babu gwajin jini da zai faɗi abincin kai tsaye a huta. Akwai masu sayar da shi, har da na gashi da na yawu da ake aikawa ƙasashen waje, amma ba abin dogaro ba ne. Gwajin jini yakan nuna bori a jikin karen da lafiyarsa ƙalau, ya kuma wanke abincin da shi ne mai laifi. Na gashi da yawu ya fi ban dariya. Wasu likitoci a Amurka sun taɓa aika wa masu irin wannan gwaji gashin 'yar tsana da ruwan famfo a matsayin gashi da yawun kare, sakamako ya dawo da jerin abincin da wai ba ya karɓar "karen." Hanya ɗaya ce ta tabbata har yau, kuma ba ta da sauri: a janye duk abin da ya saba ci, a ɗora shi a kan abu guda da jikinsa bai sani ba na tsawon sati 8, sannan a dawo da tsohon abincin a gani.

Nan zaɓi yake, kuma hanya biyu ce.

Ta farko ita ce baƙon nama da baƙon sitaci. Ka zauna da takarda, ka kira duk wanda ke zuba wa karen abinci, a rubuta duk abin da ya taɓa shiga bakinsa. Idan sayen sa aka yi, a tambayi inda aka saye shi da me aka yaye shi. Abin da bai fito a takardar ba, shi za a dafa. Mu a Arewa muna da wata dama da Bature ba shi da ita cikin sauƙi, wato naman raƙumi, wanda ake yankawa a mayankar Kano da Sakkwato da garuruwan Nijar. Raƙumi ba dangin shanu ba ne na kusa, saɓanin akuya da tunkiya. Wannan batun dangantaka yana da muhimmanci, domin furotin ɗin dabbobin da suka haɗa dangi yana kama da juna, garkuwar da ta tsani ɗaya tana iya rikita shi da ɗan'uwansa. Wanda ya cire naman sa ya sa na akuya, ko ya cire kaza ya sa zabuwa ko talo-talo ko agwagwa, yana iya zama an gudu ba a tsira ba. Zomo ma zaɓi ne mai kyau ga ƙaramin kare. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to a nan zomon ne maganin karen. Sai dai mafarauci ya tuna cewa karensa ya daɗe da sanin ɗanɗanon zomo, a wurinsa ba baƙo ba ne.

Wajen sitaci kuma dankalin Hausa ne ya fi sauƙi, idan bai saba cinsa ba. Acca ma tana yi, ko doya. Kashi ɗaya na nama, kashi biyu na sitaci shi ne awon da aka saba farawa da shi. A dafa da ruwa zalla, naman ya nuna sosai. Babu dunƙulen ɗanɗano, domin wasunsu da ɗanɗanon kaza ko na sa aka haɗa su. Babu albasa, babu tafarnuwa, waɗannan biyun ma ko lafiyayyen kare suna fasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Kuma a kula da wurin mahauci. Idan a kan katako ɗaya da wuƙa ɗaya aka sare naman sa da na raƙumin, a wanke naman sosai kafin a ɗora, kada kuma a kai shi injin niƙa nama na kasuwa, wanda tun safe yake niƙa na kowa.

Me zai hana a sayi buhun shago da aka rubuta "kifi da dankali kawai"? Domin an sha gwada irin waɗannan a ɗakin bincike ana samun ɓurɓushin kaza ko sa ko waken suya da ba a ambata a jikin buhun ba. Ba lallai da gangan ba ne, injin da ya gama haɗa wani abinci shi ne ke haɗa wannan. Ga karen da aka riga aka san abin da ke damunsa, wani lokaci irin wannan buhu yana wadatarwa. Amma wajen gwaji, inda ake son amsa tsaf, ba ya yi.

Hanya ta biyu ita ce abincin da aka farfasa furotin ɗinsa. Ka ɗauki furotin kamar dogon carbi da aka naɗe shi wani irin naɗi. Garkuwa naɗin take ganewa. Idan aka tsinka carbin ya koma ƙwaya bibbiyu ko uku-uku, abinci ne har yanzu, jiki zai amfana da shi, amma garkuwa ba ta ga fuskar da ta sani ba. Cikin irin waɗannan abinci da kamfanoni ke sayarwa, Purina HA da waken suya ake yin sa, Hill's z/d da kaza, Royal Canin Anallergenic kuwa da gashin tsuntsayen kiwo da aka farfasa har ya kusa komawa ƙwaya ɗai-ɗai. Iya farfasawa iya aminci. A wani ƙaramin gwaji da aka buga a 2016, an ba karnuka 10 masu borin kaza abincin hantar kaza da aka farfasa, 4 suka koma susa, amma da aka ba su na gashin babu wanda ya motsa. Amfanin wannan hanya shi ne abincin cikakke ne, an daidaita masa komai, kuma shi ya dace da karen da ya ci komai a duniya har an rasa baƙon da za a kawo masa, wasu irinsa kuma sun dace da kwikwiyon da ke girma. Illarsa kuɗi. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, kuma an fi samunsa a Legas da Abuja. Wanda ke da ƙaton kare irin Boerboel da ya haura kilo 60, ya yi lissafin buhu nawa zai ci a sati 8, ya tabbatar zai same su duka kafin ya fara. Yankewa a sati na biyar daidai yake da ba a fara ba.

Yanzu ga inda gwajin ya fi mutuwa, kuma ba a kicin ba ne, a tsakar gida ne. Littattafan likitoci sun ɗauka kare yana zaune a ɗaki da mutum ɗaya ko biyu. Gidanmu kuwa akwai yara goma, akwai mai gadi da suka shaƙu da karen yana jefa masa ƙarshen tsirensa, akwai uwargida da ba ta iya ganin ragowar tuwo ta zube, akwai almajirin da ya ajiye kwanonsa a zaure, akwai kwata inda ake wanke-wanke, ga dusar kaji a buɗe. Idan dare ya yi a kwance sarƙa, ya zagaya bola. Ranar suna ko Babbar Salla kuwa ba a magana, ƙashi ta ko'ina. Ƙashi ɗaya a sati na huɗu yana iya tayar da ƙaiƙayin da zai ɗauki kwanaki bai kwanta ba, mai kare ya ce raƙumin bai yi aiki ba, alhali ba a taɓa ba shi dama ba. Saboda haka kar a fara gwaji ana saura wata guda layya. A tara mutanen gida a yi musu bayani, musamman tsofaffi, waɗanda a wurinsu hana dabba abinci rashin tausayi ne. Dabarar da ta fi aiki ita ce a soya ko a busar da 'yan gutsattsarin naman gwajin a ajiye a gwangwani, duk wanda hannunsa ke ƙaiƙayin ba kare wani abu ya ɗauka daga nan. Idan karnuka biyu ne a gidan, ko a raba su lokacin ci a ɗauke kwanuka, ko a ɗora su duka a kan abinci ɗaya. Har magani sai an duba: ƙwayoyin maganin tsutsa da na ƙuma da ake taunawa, da yawansu an sa musu ɗanɗanon nama, sai a nemi likita ya musanya da na ɗigawa a wuya. Haka cusa magani cikin burodi ko kifin gwangwani, a bari.

Wani zai ce duk wannan fi'ili ne, kare ne fa. To karen da ya kwana yana susa bai yi gadi ba, kuma kuɗin maganin kunne da ake saye duk wata ya fi na dankali.

Ana canza abincin a hankali cikin kwana biyar zuwa bakwai, ana rage tsoho ana ƙara sabo, kada zawo ya rikita lissafi. Daga ranar da ya koma sabo zalla ake fara ƙirga. Mai matsalar ciki yakan nuna sauƙi cikin sati biyu. Fata ta fi jinkiri: a sati na uku kusan rabin masu borin abinci ne suka samu sauƙi, a sati na biyar fiye da kashi 80, sai a sati na takwas ake haura kashi 90. Ido yana mantuwa, don haka kowace Juma'a a ɗauki hoton kunne da tafin ƙafa da ciki da waya, a ba ƙaiƙayin maki daga 0 zuwa 10. Idan fatar ta riga ta yi ƙuraje ko tana warin tsami, ƙwayoyin cuta sun hau kai, kuma su kansu suna sa susa ko da abinci ya daidaita, sai an yi maganinsu tare. Likita yana iya ba da maganin rage ƙaiƙayi a makonnin farko, amma dole a tsayar da shi kafin ƙarshen gwaji domin a ga gaskiyar fata. Allurar deksa da ake saya a kemis a yi wa kare a gida tana kwantar da susa nan take, tana kuma ɓoye duk abin da ake son gani. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri suna da kayan duba fata da kunne, ga wanda ke kusa da su.

Mataki na gaba shi ne wanda kowa ke gudu. Kare ya warke, gashi ya fito, wa zai so ya sake ba shi abin da ya wahalar da shi? Amma idan ba a yi ba, ba a san komai ba. Wataƙila maganin ƙuma ne ya yi aiki, wataƙila yanayi ne ya juya, sai ka ɗaure kanka da sayen raƙumi har ƙarshen ransa ba gaira ba dalili. A dawo da tsohon abincin. Rabin masu borin gaske suna komawa susa cikin kwana 5, kashi 90 cikin kwana 14. Idan sati biyu suka wuce shiru, da wuya a ce abinci ne. Idan susa ta dawo, a koma abincin gwaji har ta kwanta, sannan a riƙa gabatar da abu ɗaya-ɗaya, kowanne sati biyu: naman sa shi kaɗai, sannan kaza, sannan alkama, sannan madara, a bi takardar nan ta farko. Yawanci abu ɗaya ne ko biyu ke fitowa, sauran duk ya ci abinsa, kuma daga nan ciyarwa ta koma mai sauƙi, domin kare da kaza kawai ke damu yana iya komawa tuwonsa da naman sa.

Nama da dankali zalla abincin gwaji ne, ba na zama ba. Babban kare zai jure shi wata biyu, amma ya gaza a wurare da yawa, musamman kalsiyam, domin tsokar nama tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Kwikwiyon babban iri da aka raina a kan haka ƙasusuwansa sukan yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun auna girke-girken abincin kare 200 da suka samo a littattafai da intanet, kashi 95 cikin 100 sun gaza a sinadari ɗaya aƙalla. Don haka wanda zai ci gaba da dafawa a gida, likita ya rubuta masa awon kalsiyam da mai da bitamin da zai ƙara, a kuma duba cewa ƙarin ba shi da ɗanɗanon naman da ake gudu. Dafaffen ƙashi ba hanyar kalsiyam ba ce, tsagewa yake ya soki hanji. Inabi da zabibi da cakulan da goro kuwa ba batun bori ba ne, guba ne ga kowane kare.

Akwai karnukan da gwajin zai rage musu ƙaiƙayi rabi ya tsaya. Waɗannan sun haɗa biyu ne, borin abinci da na ƙura, kuma hakan ba baƙon abu ba ne a karnuka irin Alsatian da Labrador. Abinci zai ɗauke nasa kason, saura sai wanka da magani. Irinsu har ajiyar buhu sai an kula, domin busasshen abincin da ya daɗe a buɗe cikin zafi da danshin damina yana tara wasu ƙananan ƙwari 'yan'uwan na ƙura. A sayi ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda, a zuba a mazubi mai murfi, a wanke mazubin ya bushe kafin a juye sabo.